Mai awon da ba ya zama cikin kasuwa

Mun san mai awo da tiya, mun san mai sikeli, mun san dillali. To akwai wani mai awon da ba mu taɓa ganin rumfarsa ba, alhali kuwa takardar da yake sa wa hannu tana iya buɗe wa hajarmu ƙofar wata ƙasa, ko ta rufe ta shekara da shekaru. Shi ne masanin kimiyyar sinadarai mai aikin bincike, wanda ya ƙware kan dabarar da ake kira kiromatogirafi, wato rarrabe abubuwan da suka cakuɗe don a san kowanne da sunansa da yawansa. Ra'ayinmu shi ne, lokaci ya yi da za mu daina kallon wannan sana'a a matsayin harkar Turawa, mu sa ɗiyanmu cikinta, mu kuma riƙa biya ana auna mana kaya.

Dabarar ba tsafi ba ce. A ɗiga tawadar baƙin alƙalamin zane na ƴan lakkol a kan takarda mai shan ruwa, a tsoma bakin takardar cikin ruwa, sai a ga ruwan yana hawa yana jan tawadar, baƙin nan ya watse ya koma shuɗi da ja da rawaya, kowane launi ya tsaya inda ƙarfinsa ya kai. (Ban da tawadar allo, ita zallar baƙin tukunya ce, ba ta rarrabuwa.) Kamar ayari ne da ya tashi daga zango lokaci guda: mai sauƙin kaya ya riga isa, mai nauyi ya biyo baya, wanda ke bakin ƙofar gari kuma ya ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya fito da ita wani ɗan Rasha ne masanin tsirrai, Mikhail Tsvet, a birnin Warso. A 1903 ya bayyana yadda ya cika bututun gilashi da garin alli, ya zuba ruwan ganye, ya ga kore da rawaya sun rabu hawa-hawa. Manyan masana na zamaninsa ba su ɗauke shi da muhimmanci ba, har ya rasu a 1919, sai wajen 1931 aka tono aikin nasa. Bayan haka wasu ƴan Ingila biyu, Archer Martin da Richard Synge, suka inganta dabarar a 1941, suka samu kyautar Nobel a 1952. Abin lura a nan, a wata cibiyar bincike ta masana'antun ulu da ke garin Leeds suka yi aikin. Ashe harkar gashin tumaki, wato harkar kasuwa, ita ta ɗauki nauyinsu.

Mu dawo kan wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, aka kuma yi ta tsawaita hanin, domin an yi ta samun maganin ƙwari mai suna dikulorbos a ciki, sinadarin nan da ke cikin piya-piya. Iyakar da suka yarda da ita ita ce miligiram 1 cikin buhu mai kilo 100, abin da bai kai nauyin ƙwayar gero guda ba. Wane ido ne zai ga wannan, wane hanci zai ji shi? Na'ura ce ke ganinsa, kuma mutum ne ke sarrafa na'urar. Kada wani ya ce wannan matsalar maƙwabta ce, domin kowa ya san inda mafi yawan waken Nijar ke dosa, kuma idan buhuhuna suka haɗu a Dawanau babu mai tambayar ko daga wace gona suka fito. Ko da Turai ba ta saye, wa ke cin waken? Mu ne da iyalinmu, a ƙosai da alala da shinkafa da wake.

Na magunguna ya fi ciwo. A 2008 yara fiye da 80 suka rasu a Najeriya bayan an ba su wani maganin haƙori na ruwa da ya gurɓata da gubar dayetilin gilaikol. A 2022 kusan yara 70 suka rasu a Gambiya ta dalilin ruwan maganin tari da mura da aka shigo da shi daga Indiya, mai ɗauke da irin wannan guba, wadda ke kashe ƙoda. Gubar ba ta da launi, tana da ɗan zaƙi, saboda haka mai shago da uwar yaro ba su da hanyar gane ta. A lokacin Gambiya ba ta da ɗakin gwajin da zai tabbatar da abin, sai da aka aika samfur waje, yara na mutuwa ana jiran amsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ko dai jabu ne ko bai cika inganci ba. Katan-katan nawa ke ratsa iyakokinmu a bayan babur kowace ranar kasuwa?

Shi wannan ma'aikaci, hanyarsa doguwa ce. Bayan bak sai shekara 3 na karatun sinadarai a jami'a, kamar ta Abdou Moumouni a Yamai ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, sai shekara 2 na ƙwarewa, mai son digirin dokta ya ƙara 3 ko fiye. Aikin kansa na mai haƙuri ne. Zai niƙa waken, ya jiƙa shi cikin wani ruwa mai tsamo maganin, ya tace, ya ɗura ɗigon da bai kai hawaye ba cikin wani bututu siriri kamar zare, mai tsawon mita 30, da aka naɗe cikin tanda. Iskar gas ta tura ɗigon, kowane sinadari ya fito a nasa lokaci, kwamfuta ta zana shi kamar tudu. Daga nan sai ya gwada tudun da na tsantsar sinadarin da ya riga ya san nauyinsa, ya maimaita, ya sake maimaitawa, kafin ya sa hannu. Kuskuren ɗigo guda na iya sa a ƙone kayan mutumin kirki, ko a saki na mugu.

Mun san abin da wasu za su ce: ga ƴan duwan, ga jandarma, ga masu karɓar haraji, yanzu kuma a ƙaro mana mai farar riga da zai tsare mota har sai an ga bayan hannu. Wannan tsoro yana da tushe, kuma maganinsa shi ne kuɗin gwaji ya zama sananne, a rubuce, da rasit, sannan mai kaya ya sami damar neman a sake gwaji a wani ɗakin. Wasu kuma za su ce na'urorin na cin miliyoyin sefa, ga ɗaukewar wuta, ga gas da kayan gyara da sai an yo oda. Gaskiya ne. Amma ba kowane gwaji ke bukatar babbar na'ura ba. Akwai ƴan akwatunan gwaji da ake ɗauka a hannu, masu aiki da faranti mai shafen hoda, waɗanda cikin ƴan sa'o'i za su nuna ko ƙwayar maganin zazzaɓi na ɗauke da abin da aka rubuta a kwalinta. Wanda aka yi shakka a kansa sai a tura shi Yamai, inda ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, yake.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin masu hatsi da na masu shigo da magani. Kuɗin da ake tarawa don walima da tarbar manya, a ware wani kaso a riƙa kai samfurin wake da riɗi da gyaɗa gwaji kafin a yi lodi, a kuma matsa wa masu ajiya su koma ga buhun nan mai ruɓi uku da ke kashe ƙwari ba tare da piya-piya ba. Alhazan da Allah ya hore wa, kowace babbar kasuwa ta ɗauki nauyin karatun yaro ɗaya ko yarinya ɗaya a wannan fanni, da sharaɗin in ya gama ya dawo ya yi aiki a jaharsa. Mu kuma gidajen rediyo a shirye muke mu karanta sakamakon gwajin a iska ranar jajiberin kasuwa, kamar yadda muke karanta farashin tiyar gero.