Haɗa Intanet Da Maƙwabta: A Yi, Amma Da Sharaɗi

Sanin kowa ne cewa tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, magidanta suka dukufa neman hanyoyin rage wa aljihu nauyi. Ɗaya daga cikin dabarun ita ce gida biyu ko uku su yi karo-karo su biya kuɗin layin intanet guda, a kafa na'urar rarrabawa a gida ɗaya, sauran su riƙa kamawa ta Wi-Fi, ko kuma a ja masu waya ta bisa katanga.

A ra'ayinmu wannan ba abin zargi ba ne. Al'ummar da ta saba da ɗiban ruwa a rijiyar maƙwabci da ɗebo garwashi a murhunsa ba za ta ɗauki haɗa intanet baƙon abu ba. Bugu da ƙari, layi irin na Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2023, ya fi ƙarfin albashin ma'aikaci ɗaya, alhali kuwa zai wadaci gidaje da dama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai rijiya daban, intanet daban. Wanda ya ɗebi ruwanka ya tafi da tulunsa, amma wanda ya hau layinka da sunanka yake yawo. A wurin kamfani, gidajen nan duka adireshi ɗaya gare su, wato na mutumin da ya yi rajista. Idan wani matashi a gidan maƙwabci ya damfari mutane ta wannan layi, ƙofar mai rajista jami'an bincike za su fara ƙwanƙwasawa a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta 2015, kuma kafin gaskiya ta yi halinta mutunci ya riga ya zube. Haka nan na'urorin da ke kan layi ɗaya suna iya ganin juna, tun daga kwamfuta har kyamarar tsaron gida. Ita kuwa kalmar sirri, da zarar ta shiga bakin yara ta tashi daga sirri, gobe sai a tsince ta a teburin mai shayi.

Saura kuma batun kuɗi. Wata zai ƙare wani bai biya ba, wani gidan ya kwana kallon fina-finai ya janye ƙarfin layin, mai na'ura kuma ya kashe ta ya yi tafiya. Ƙananan abubuwa irin waɗannan ne ke raba zumuncin shekaru.

Saboda haka muke ba da shawarar a buɗe wa maƙwabta sashen baƙi da akasarin na'urorin zamani ke da shi, domin ya raba su da kayan cikin gida, a kuma riƙa sauya kalmar sirri a kai a kai. A karanta sharuɗɗan kamfani, don da yawansu sun hana sayar wa wani. Uwa uba, a rubuta yarjejeniya: nawa kowa zai biya, yaushe, kuma wa ke da alhakin gyara. Wannan ba rashin yarda ba ne, ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Daga ƙarshe, muna kira ga hukumar NCC. Dokar sadarwa ta 2003 ta hana gudanar da harkar sadarwa ba tare da lasisi ba, don haka ya kamata hukumar ta fayyace wa jama'a, cikin harsunan da suke ji, iyakar da ke tsakanin karo-karon maƙwabta da kasuwanci. Bai dace magidanci ya taka doka a kan rashin sani ba, alhali nufinsa kyautata maƙwabtaka ne. Allah Ya sa mu dace.