SHARHI: Saƙon da ke zubewa a hanya da kuɗin jama'a da ke maƙalewa

Tun lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, miliyoyin 'yan Najeriya suka koma biyan kuɗi ta waya da na'urar POS. Sai dai har yau ana cire kuɗi daga asusun mai saye ba tare da sun isa ga mai sayarwa ba, alhali wayar na nuna sabis a cike.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne zubewar bayanai a hanya. Duk saƙon intanet ana yayyanka shi ƙanana-ƙananan ƙunshi, kowanne ya bi hanya, sannan a harhaɗa su a inda za su. Idan layi ya cunkushe ko aka datse wayar ƙarƙashin ƙasa, wasu kan salwanta.

A hirar murya, abin da hakan ke jawowa bai wuce 'yar sarƙewa ba. Hulɗa da banki kuwa a kulle take da tsarin sirri na TLS. Kafin a aika ko da Naira ɗaya, sai waya da kwamfutar banki sun gaisa, bankin ya gabatar da takardar shaidarsa, sun amince da mabuɗi. Takardar ta fi ƙarfin ƙunshi guda, kuma idan ɗaya ya ɓace, sauran ba su da amfani sai an sake aiko shi. Jiran kan fara daga kimanin daƙiƙa ɗaya, yana ninkuwa duk lokacin da aka sake rasawa, har manhajar ta gaji ta yanke. Mafi muni shi ne umarnin cire kuɗi ya isa, amsar ta ɓace a hanyar dawowa.

Tsarin sirrin ba shi da laifi, domin shi ke hana ɓarayi leƙen asusun jama'a, kuma sassauta shi ganganci ne. Hanyar ce ke buƙatar gyara.

A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data, bisa sharaɗin inganta aiki. Wajibi ne ta riƙa auna yawan bayanan da ke zubewa a layin kowane kamfani, jiha-jiha, ta kuma bayyana wa jama'a sakamakon.

Su ma bankuna su ƙera manhajojinsu da la'akari da raunin sabis na karkara. Sabon fasalin TLS 1.3, wanda ya fito tun 2018, ya rage kai-komon gaisuwar daga biyu zuwa ɗaya. Haka kuma tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade awa 72 domin warware cinikin POS da ya maƙale. Ya rage gare shi ya hukunta duk bankin da ya saɓa, domin ɗan tireda da jarinsa bai wuce cinikin yini ba ba zai iya jiran mako guda ba.