Kafin a Kawo wa Asibiti Ƙirƙirarriyar Basira, a Fara Gyara Masa Kwamfuta

Tun da na saki bidiyon agogon hannun nan mai auna bugun zuciya, saƙonni suke ta shigowa, kuma yawancinsu tambaya ɗaya ce: shin ƙirƙirarriyar basira za ta kawo ƙarshen dogon layin asibiti a nan Ingila? Amsata ita ce a'a, ba yanzu ba. Na san wasu za su ce mai tashar fasaha ne da kansa yake faɗar haka? E, ni ne, kuma ga dalilina.

A bara ɗan ƙanwar babata ya zo mana ziyara daga wani gari. Yana da cutar sikila. Cikin dare ciwo ya taso masa, irin wanda yake sa babban mutum kuka, muka garzaya sashen gaggawa na wani asibiti kusa da mu. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, ban ga laifin kowa a cikinsu ba. Amma tarihin jinyarsa yana can asibitin garinsu, kwamfutar da ke gabansu ba ta ganinsa. Mutum yana murƙususu ana tambayarsa wane magani yake sha, nawa ake ba shi, wanne ne jikinsa ba ya karɓa. Abin da ya taimake mu shi ne hoton wata takarda da mahaifiyarsa ta turo ta WhatsApp. Ƙa'idar hukumar NICE ta ce a ba mai sikila maganin ciwo cikin minti 30 da isowarsa, to ka ga duk mintin da aka ɓata wajen neman bayani, a jikinsa yake ƙarewa.

A daren nan na gane cewa wayar da ke aljihuna ta fi tsarin asibitin saurin isar da bayani. Mu masu bitar waya mun san wani abu: in batir ya lalace kuma manhajar da ke tafiyar da wayar ta tsufa, kyamara mai kyau ba za ta cece ta ba. Haka lamarin asibiti yake.

Bari mu duba tarihin NHS, hukumar lafiya ta ƙasar nan, domin abin a rubuce yake. A 2002 gwamnati ta ƙaddamar da wani gagarumin shiri na haɗa bayanan marasa lafiya na Ingila gaba ɗaya a tsari guda. A 2011 aka sanar da rushe shi, bayan kuɗin da aka ƙiyasta ya kai wajen fam biliyan 10. An tsara shi daga sama, an ɗora wa asibitoci, ba a saurari likitoci da ma'aikatan jinya da za su yi aiki da shi yadda ya kamata ba. Bayan nan kowane rukunin asibitoci ya koma yana sayen nasa tsarin, shi ya sa har yau wasu ba sa jin yaren juna.

Ranar 12 ga Mayu 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta faɗa wa NHS. Ta taɓa aƙalla 80 daga cikin rukunonin asibitoci 236 na Ingila, aka soke ganin likita kusan 19,000, asarar ta kai kimanin fam miliyan 92. Abin takaicin, Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris. Yawancin kwamfutocin da suka kamu Windows 7 ne a kansu, sabunta su ne kawai ba a yi ba. Wani matashi ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, shi ya taka wa cutar birki ta hanyar yi wa wani adireshin intanet rajista.

A Oktoban 2020, ana tsakiyar korona, sakamakon gwajin mutum 15,841 ya maƙale bai shiga lissafi a kan lokaci ba, saboda an yi amfani da tsohon samfurin fayil ɗin Excel wanda ba ya wuce layi 65,536. Sai kuma 3 ga Yuni 2024, masu kutse suka rufe kwamfutocin kamfanin Synnovis mai yi wa asibitocin King's College da Guy's da St Thomas' a Landan gwajin jini. An ɗage ganin likita sama da 10,000 da tiyata sama da 1,700, har aka fito ana roƙon masu jini rukunin O su zo su bayar, tunda an kasa tantance jinin marasa lafiya da sauri.

Ku dubi waɗannan guda huɗu da kyau. Babu ko ɗaya da rashin ƙirƙirarriyar basira ya jawo. Tsofaffin na'urori ne, da rashin sabuntawa, da tsarin da ba ya magana da ɗan'uwansa, da raunin tsaro. Rahoton da Lord Darzi ya miƙa wa gwamnati a Satumban 2024 ya nuna tushen abin: shekara da shekaru ana ɗibar kuɗin gine-gine da na'urori ana toshe ramin kashe-kashen yau da kullum, har giɓin ya kai fam biliyan 37. Wanda rufin ɗakinsa yake yoyo ba talabijin mai inci 80 ya kamata ya fara saya ba.

To mene ne mafita? A ganina abu huɗu ne, kuma babu mai ƙyalli a cikinsu.

Na farko, a tilasta wa duk kamfanin da zai sayar wa asibiti manhaja ya gina ta a kan ƙa'idar musayar bayanai ta bai ɗaya, irin su FHIR. Ba sai kowa ya yi amfani da manhaja iri ɗaya ba. Mai iPhone yana kiran mai Samsung lafiya lau, saboda akwai ƙa'idar da suka yarda da ita. Ƙasar Estoniya ta yi haka da tsarinta na X-Road, kusan duk takardar magani a can ta intanet ake rubuta ta. Na yarda mutanenta ba su wuce miliyan ɗaya da ɗoriya ba, amma darasin yana nan.

Na biyu, a ɗauki tsaron kwamfuta kamar wanke hannu kafin tiyata. Sabuntawa a kan lokaci, ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban, da tantancewa mai mataki biyu. A Amurka, kutsen da aka yi wa Change Healthcare a Fabrairun 2024 ta wata ƙofa aka shiga wadda ba ta da wannan mataki na biyu, shugaban kamfanin da ya mallake shi ne ya faɗa da bakinsa a gaban majalisa. Abin da nake ta roƙonku ku kunna a Gmail ɗinku ke nan.

Na uku, a tambayi ma'aikaciyar jinya kafin a sayi komai. In sai ta shigar da kalmar sirri a manhaja biyar kafin ta ga sakamakon gwaji ɗaya, an ƙara mata aiki ne da sunan sauƙi.

Na huɗu shi ya fi damuna: kada a rufe ƙofa a bar iyayenmu a waje. Manhajar NHS App tana da amfani sosai, ni kaina da ita nake sake neman magani. Amma Hajiyar da ta zo ƙasar nan da shekara sittin, Turancinta na gaisuwa ne, idonta ya yi rauni, ta yaya za ta cike fom mai shafi shida don ta ga likita? Dole layin waya da teburin karɓar baƙi su ci gaba da aiki, da tafinta.

Na san abin da wasu za su ce: ai ana gwada manhajojin da suke sauraron hirar likita da mara lafiya su rubuta bayanin da kansu, da masu duba hoton ƙirji. Gaskiya ne, kuma ina murna da su. In likita zai ɗago kai ya kalli mara lafiya maimakon allo, an ci riba. Amma ni da na gwada manhajojin mayar da murya rubutu a wannan tasha, kun ga yadda suke yi da lafazinmu. A bidiyo abin dariya ne, a sunan magani kuwa ba wasa. Sannan bayanin da manhajar ta rubuta, in ya maƙale a asibiti ɗaya, mun koma gidan jiya. Ku tuna da Babylon Health, da aka yi ta yi wa kirari a matsayin likitan cikin waya, a 2023 ya durƙushe.

Kuma kada mu yaudari kanmu, jerin jiran magani a Ingila ya haura miliyan 7, akwai ƙarancin ma'aikata, akwai dubban gadaje da waɗanda suka warke suke kwance a kai don babu mai kula da su a gida. Babu manhajar da za ta juya tsoho a kan gado ko ta yi masa wanka.

Mu kuma akwai namu aikin. A ƙarshen makon nan ka zauna da Baba ko Hajiya ka saka musu manhajar, ka tambayi asibitin unguwarku yadda za a ba ka izinin kula da asusunsu a hukumance, maimakon ka riƙa shiga da kalmar sirrinsu. Ka sanar da su suna iya neman tafinta kyauta. Mai sikila ko ciwon suga ya ajiye jerin magungunansa a waya da kuma a takarda. Wanda yake da lafiya ya je ya ba da jini, domin masu sikila sun fi dacewa da jinin 'yan'uwansu baƙar fata. Ku kuma masu karanta kwamfuta, asibiti na neman masu tsaron bayanai, ba banki kaɗai ba.

Ɗan'uwan nawa ya samu sauƙi, alhamdulillahi, yanzu takardarsa tana cikin jakarsa duk inda za shi. Masu bibiyarmu daga Kumasi da Yawunde da Jidda, ku faɗa mana a ƙarƙashin bidiyon yadda abin yake a wajenku: in ka canza asibiti, bayananka suna bin ka, ko sabon kati ake buɗe maka? Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.