Mantra: tasbahar mutanen Indiya da neman arziki

Kowace shekara, tsakanin watan Oktoba da na Nuwamba, a daren bikin Diwali, ƴan kasuwar jihar Gujarat ta ƙasar Indiya sukan ajiye sababbin littattafan lissafinsu gaban gunkin Lakshmi, wadda mabiya addinin Hindu suka ɗauka uwar arziki. Sai su kunna fitilu, su yi ta nanata waɗansu kalmomi na Sanskirit, tsohon harshen littattafansu. Kalmomin nan su ake kira mantra, kuma akan ja su da tasbaha mai ƙwaya 108. Masu kallon silman Indiya a Maraɗi da Damagaram sun sha ganin haka ba tare da sanin sunansa ba.

A wurin waɗannan mutane, neman dukiya ba abin kunya ba ne. Malamansu sun lissafa ta cikin manufofi huɗu na zaman duniya, amma sun sa ta bayan darma, wato gaskiya da sauke nauyin da ke bisa kan mutum. Ɗan kasuwar Gujarat, in ya gama jan tasbaharsa, kanti yake komawa.

Abin ya sake kama lokacin da mantra ta ƙetare teku. Maharishi Mahesh Yogi ya isa Amurka a 1959, kuma sunansa ya game duniya a 1968, sa'ad da mawaƙan Beatles na Ingila suka tafi wurinsa a garin Rishikesh. Koyarwarsa mai sauƙi ce: minti 20 safe da maraice, ido rufe, ana maimaita kalma guda a zuci. Sai dai kalmar da kuɗi ake samun ta, ana yi wa mai biya alkawarin lafiya da ci gaba.

A 1975, likita Herbert Benson na jami'ar Harvard ya bayyana cewa irin wannan zama yana rage bugun zuciya da saurin numfashi, amma ko kalmar "ɗaya" aka nanata, sakamakon bai bambanta ba. Natsuwa ya auna, ba kuɗi ba. Maharishi kuwa, da ya rasu a Holand a 2008, ya bar wa ƙungiyarsa jami'a a jihar Iowa, da makarantu da filaye a ƙasashe da dama.