Wasan Yarukan Kwamfuta Masu Ƙulli: Zaurancen Zamani Ne, Mu Shiga a Dama da Mu

Masu karatu, yau zan ɗan ratse daga zancen littattafai, na taɓo wata gasa da masu gina manhajar kwamfuta ke yi a tsakaninsu, wadda wasu ke kallonta a matsayin aikin waɗanda suka ƙoshi. Ni kuwa ina ganin akwai abin da yaranmu na Birnin Kudu da Gwaram za su tsinta a cikinta.

Ga yadda take. Mutum zai ƙirƙiro sabon yaren ba kwamfuta umarni, amma da gangan zai ƙulle shi, ya zama ko dai ka gan shi kamar mai sauƙi alhali tarko ne, ko ka gan shi kamar ba ya moruwa alhali akwai ƙofa a ɓoye. Sauran 'yan gasa kuma su duƙufa neman ƙofar.

Abin ya daɗe. A 1972 wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Princeton ta Amurka, Don Woods da James Lyon, suka fito da INTERCAL, yaren da sai ka riƙa roƙon kwamfuta kafin ta yi maka aiki. In roƙon ya yi kaɗan ta ƙi, wai ba ka da ladabi. In ya yi yawa ma ta ƙi, wai ladabin ya wuce kima. A 1993 Urban Müller ya yi wani mai alamomi 8 kacal, wanda sunansa ashar ne, don haka ba zan kama shi a nan ba. A 1998 Ben Olmstead ya yi Malbolge, wanda umarninsa ke sauya kama bayan an aiwatar da shi. Sai da aka shekara 2 kafin a samu manhajar farko a cikinsa, ita ma wata manhajar ce ta lalubo ta, ba hannun mutum ba.

To, mai karatu, wannan baƙon abu ne a wurin Bahaushe? Wallahi a'a. Wace ce a cikin 'yan'uwa mata ba ta san zaurance ba, inda Musa ke komawa Samu, Kano ta koma Noka, don kada na gefe ya gane? Ko kacici-kacici, inda in ka gaza sai ka ba da gari kafin a faɗa maka amsa? Malamanmu na ƙarni na 19 kan ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin ramzi, sai wanda ya san lissafin haruffa ya warware. Kafin su ma, Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan hanyoyin tsara hatimin lissafi, wato gidajen lambobi da ko ta ina ka tara jimilla ɗaya za ta ba ka. Ashe ƙulla abu don a wasa ƙwaƙwalwa gadonmu ne.

Na san za a ce: yaron da ke neman abin yi, me zai ci da yaren da babu kamfanin da ke aiki da shi? A koya masa Python mana. Gaskiya ne, ba wanda za a ɗauka aiki don ya iya Malbolge. Amma ai ɗan dambe ma ba ranar kara yake fara motsa jiki ba. Wanda ya zauna ya ƙirƙiri yare da kansa, dole ya fahimci yadda na'urar ke bin umarni ɗaya bayan ɗaya, da inda take ajiye lissafi, da inda mutum ke yin tuntuɓe. Wanda kuma ya warware na wani, ya koyi bin diddigin kuskure, wanda shi ne rabin sana'ar. Abin da ke damunmu a yau shi ne hadda: yaro ya haddace ma'anar kwamfuta da sunayen sassanta, ya ci jarrabawa, amma bai taɓa sa ta yi wani abu da tunaninsa ba.

Wani abin daɗin kuma, wasan nan ba ya jiran wutar lantarki. Gurbin dara da tsakuwa sun isa. Bari na ba da misali. Yarena kalmomi biyu ne: "zuba" na nufin a sa tsakuwa ɗaya a gurbi, "kwashe" na nufin a cire ɗaya. Na ce ka tara mini 5. Za ka ce zuba sau biyar, sai ka tarar da 3 a gurbin. Me ya faru? Na ɓoye doka: duk umarni na uku ana juya ma'anarsa. Amsar ita ce zuba, zuba, kwashe, zuba, zuba. Yaron da ya gano wannan da kansa ya shiga sana'ar ke nan, ko da bai taɓa taɓa madannai ba.

Jigawa ba baƙuwar fannin nan ba ce. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka buɗe cibiyar koyon kwamfuta ta Informatics a Kazaure, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011. Amma makaranta ba ta dasa sha'awa ga wanda ya zo mata da hadda. Sha'awa tun daga ƙasa ake shuka ta, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka kirana ga malaman lissafi da na Hausa a sakandaren ƙananan hukumomin nan biyu: ku haɗa kai ku shirya gasa, ko sau ɗaya a zango. Ɗaliban Gwaram su ƙulla yare da kalmomin Hausa, na Birnin Kudu su kwance, sannan a juya. Wanda ya gaza ya ba da gari. A tabbatar 'yan mata na ciki, domin su ne gwanayen zaurance tun asali.

Mu ma marubuta akwai darasi a nan. Ƙulli mai kyau shi ne wanda mai shi ya san bakin zarensa. Wahalar da mai karatu ba tare da mafita ba kuwa ba gwaninta ba ce.

Ga naku aikin gida: da yaren nan nawa, ku tara mini 4 da umarni 6. In ta gagara, a ba ni Gwaram. Allah Ya sa mu dace, amin.