Wata 13 a Kotun Waje, Shekara 13 a Kotun Gida

Duk wanda ya saba zama a mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, ya san su. Da sassafe suke tsayawa bakin titi, takarda a naɗe cikin leda, an soke ta a aljihun gaba ko an ƙulle a bakin zane, suna jiran motar Kwanni. Da la'asar sai ka ga sun sauko jiki a sanyaye. Ba sai ka tambaya ba, amma in ka tambaya amsar ɗaya ce: "An ɗage." Alƙali ya yi tafiya. Ba a kawo takardun ba. Wanda ake ƙara bai zo ba. An sauya wa alƙalin wurin aiki, sabon kuma bai karanta ba tukuna. Kuɗin mota ya tafi, yinin gona ya tafi, a dawo bayan wata biyu.

Waɗannan mutanen ne ake gaya wa cewa kada su kuskura su kai kukansu wata kotu ta waje sai sun ƙure duk matakan shari'a na cikin gida. Ina so in tambayi masu wannan magana: kun taɓa ganin ƙarshen matakan nan da idonku?

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Shari'ar da ta fi kowace suna a kan wannan batu a Afirka ta Yamma, a ƙofar gidanmu aka yi ta. A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani, tana 'yar shekara 12, a kan jika 240. Wanda ya saye ta, Alhaji Souleymane Naroua, yana da shekara 46 da mata huɗu a gida. Ita ce wahaya, wadda ake kira mace ta biyar: ba sadaki, ba ɗaurin aure, sai aikin gida da na gona da shimfiɗar maigida. Kusan shekara tara tana cikin wannan hali. A 2003 Nijar ta yi dokar da ta mai da bautar da mutum babban laifi, mai hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ƙungiyar Timidria ta shiga ƙauyuka tana faɗakarwa, sai a watan Agusta na 2005 Alhajin ya ba Hadijatou takardar 'yanci. Da ta ɗauki ƙullinta za ta tafi, ya ce ina, ai matarsa ce.

Daga nan ta shiga abin da lauyoyi ke kira matakan cikin gida. Ku biyo ni a hankali, don a cikin kwanakin nan maganar take.

A Fabrairun 2006 ta kai ƙara kotun al'ada ta Kwanni. Ranar 20 ga Maris kotun ta ce babu aure, tun da ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura ba, ba a nemi yardarta ba. Gaskiya tsagwaronta, kuma ko ɗalibin da bai gama Iziyya ba zai gaya maka haka. Alhaji ya ɗaukaka ƙara. Ranar 16 ga Yuni babbar kotun Kwanni ta rushe wancan hukunci, bisa hujjar cewa al'ada ta halatta wa ɗa ya auri baiwa. Alƙalin jamhuriya, shekara uku bayan dokar 2003, ya rubuta kalmar baiwa da hannunsa a kan 'yar ƙasa, bai ji komai ya motsa a ƙirjinsa ba, bai aika da takarda ga mai gabatar da ƙara ba. Aka tafi Kotun Ƙoli a Yamai. Ranar 28 ga Disamba ta soke hukuncin, amma a kan kuskuren tsari, ta mai da shari'ar Kwanni a sake. Maganar bauta ko kallonta ba ta yi ba.

A tsakanin nan Hadijatou ta auri wanda take so. Kuma a nan ne za ka san cewa kotunanmu sun iya sauri in sun ga dama. A Janairun 2007 Alhaji ya kai ƙara wurin jandarma cewa matarsa ta yi aure kan aure. Ranar 2 ga Mayu an riga an yanke hukunci: ɗaurin wata shida da tarar jika 50, ita da wanta da sabon mijin, kowannensu. Wata huɗu bai cika ba. Babu alƙalin da ya yi tafiya, babu takardar da ta ɓata. Mako guda bayan haka tana gidan kaso, ta yi wata biyu a ciki kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta ba da umarnin sakinta na wucin gadi a watan Yuli. Yarinyar da aka saya kamar akuya tana kaso, wanda ya saye ta yana kwance a gidansa yana shan fura.

Wani abin da ke ƙona mini rai har yau: a watan Afrilu na 2007, kotun da aka mai da wa shari'ar ta ba ta saki, ta ce ta yi idda wata uku. Saki daga wane aure? Iddar me?

A watan Satumba na 2007, da taimakon Timidria da Anti-Slavery International da Interights, ta shigar da ƙara a kotun CEDEAO, wadda 'yan Najeriya ke kira ECOWAS, mai mazauni a Abuja. Kotun ta taso ta zo Yamai a Afrilun 2008 don ta saurari shaidu kusa da gida. Me lauyoyin gwamnati suka fara cewa? Ba su fara da cewa ƙarya take yi ba. Cewa suka yi ƙarar ba ta karɓuwa, don ba ta gama da kotunan gida ba, ga shari'o'inta nan suna jira. Wato gidan da ya ɗaure ta shi ne yake cewa ta koma ta ci gaba da jira a zaurensa.

Alƙalan nan uku, ƙarƙashin Aminata Mallé Sanogo 'yar Mali, suka ce a'a. Yarjejeniyar 2005 da ta ba kotun ikon sauraron ƙarar take haƙƙin ɗan Adam sharaɗi biyu ta gindaya: kada ƙara ta zo ba suna, kada kuma tana gaban wata kotun ƙasa da ƙasa. Ba ta ce sai an ƙure kotunan gida ba, kuma kotu ba za ta ƙaro wa talaka shingen da masu rubuta doka ba su kafa ba. Ranar 27 ga Oktoba 2008 suka yanke cewa an bautar da Hadijatou, kuma ƙasar Nijar na da alhaki saboda hukumominta da alƙalanta sun gani sun yi shiru. Aka ba ta diyyar sefa miliyan 10, cikin miliyan 50 da ta nema.

Wata 13 ke nan daga shigar da ƙara zuwa hukunci. A gida fa? Sai a 2019 babbar kotun ƙasar ta rufe maganar, ta tabbatar cewa wancan zama ba aure ba ne, al'adar mace ta biyar kuma ta saɓa doka. Daga 2006 zuwa 2019, shekara 13. Da ta bi shawarar lauyoyin gwamnati, da ta shiga jira tana da shekara 22, ta fito tana da 35, da tabon aure kan aure rataye a wuyanta duk tsawon lokacin. Kuma wannan mace ce da duniya ta san sunanta, wadda Amurka ta karrama a 2009, wadda ƙungiyoyi a Landan ke bibiyar shari'arta. To ina ga wadda ke wani ƙauye bayan Illela ko Malbaza, wadda ba ta san ma akwai wata aba wai ita Timidria ba?

Ba na cewa ƙa'idar nan ta ƙure matakan gida ba ta da tushe. Tana da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma adalci ne a ba ƙasa damar gyara ɓarnarta kafin a kira ta gaban baƙi. Kotunan waje ƙalilan ne, ba za su iya ɗaukar rikicin kowace gona da kowane gado ba. Ni ma na fi son a yi mini adalci a Kwanni, inda zan je da safe in kwana a gida, da a yi mini shi a Abuja ko Arusha. Amma ƙa'idar ta ɗauka cewa kotun gida tana tafiya, kuma tana da inda take tsayawa. Su kansu waɗanda suka rubuta Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, wadda Nijar ta amince da ita tun 1986, sun hango wannan. Sashe na 56 da ya ce a fara da gida, shi ne kuma ya ce ban da inda ya bayyana cewa ana jan shari'ar fiye da kima. Sashe na 7 ya ce haƙƙin mutum ne a yi masa shari'a cikin lokacin da hankali zai ɗauka. Lauyoyin gwamnatocinmu sun haddace rabin farko na sashe na 56 kamar Fatiha. Rabin na biyu kullum mantuwa yake yi musu.

Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun ɗanɗana. An kashe ɗan jarida Norbert Zongo ranar 13 ga Disamba 1998, aka ƙone shi cikin mota da abokan tafiyarsa uku. Bincike ya yi ta jan ƙafa har 2006, aka rufe shi ba a hukunta kowa ba. Da iyalansa suka je Kotun Afirka da ke Arusha, gwamnati ta ɗauko wannan tsohuwar garkuwa. Kotun ta ƙi, ta ce an ja shari'ar fiye da kima, ta kama ƙasar da laifi a 2014. Amma ku lura da farashin: sai da suka shekara da shekaru suna jira kafin jiran ya zama hujja. Sai ka tsufa a layi sannan a yarda cewa layin ba ya motsi.

Jan shari'a ba lalaci ba ne kawai, kuma na gaji da jin ana cewa ƙarancin alƙalai ne. E, alƙalai sun yi kaɗan, motar kai fursuna kotu ba ta da mai, magatakarda da hannu yake rubutu. Duk gaskiya ne. Amma ƙarancin nan bai hana a ɗaure Hadijatou cikin wata huɗu ba. Jinkiri makami ne, kuma an san hannun da yake riƙe da shi. Mai kuɗi yana da lauyan da zai nemi a ɗage sau goma. Kowace ɗagewa a wurinsa kuɗin shayi ce, a wurin talaka kuwa buhun albasa ne ko tunkiyar da aka tanada don sallah. A hankali shaidu su mutu ko su tafi cirani Libiya, dangi su fara cewa a yi haƙuri a bar wa Allah, mai ƙara ya janye da kansa. Sai a rubuta cewa an sasanta.

Ɗan wata ƙanwata ya taɓa shiga hannu a kan zargin satar babur. Aka tsare shi a wani gidan kaso yana jiran shari'a. Na raka uwarsa wata kotu har na daina ƙirga zuwa. Ranar da aka kira shi a ƙarshe, zaman bai kai tsawon sallar azahar ba, aka ce babu hujja, ya tafi. Damina biyu ta wuce shi. Ba wanda ya ce masa sannu, balle a yi maganar diyya. Uwar har godiya ta yi wa alƙalin, ta durƙusa.

Yanzu ga inda muke. Ranar 28 ga Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka bayyana ficewarsu daga CEDEAO, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Ba zan yi wa ƙungiyar nan kuka ba. Mu da ke bakin iyaka mun san abin da rufe iyakar da ƙungiyar ta sa aka yi a 2023 ya yi wa kasuwar Kwanni da ta Illelar Sakkwato, mun san yadda magani da shinkafa suka yi tsada. Amma kotun ba ita ce ta rufe iyaka ba, kuma ita ce kotu ɗaya a yankinmu da ba ta ce wa talaka ya je ya gama da gida tukuna. Wannan ƙofar da Hadijatou ta bi ta rufe. Saura Arusha, inda a 2021 Nijar ta yarda 'yan ƙasa su kai ƙara kai tsaye, amma can sharaɗin ƙure matakan gida yana nan daram, ita kuma yardar takarda ce da ake iya janyewa, kamar yadda Ruwanda da Tanzaniya da Benin da Kodibuwa suka janye tasu.

Masu mulki sun ce mun karɓi 'yancin kanmu, ba baƙon da zai sake yi mana hukunci. To madalla. Wanda ya rufe rijiyar maƙwabta sai ya yashe tasa. A sa wa'adi a kan kowace shari'ar laifi, wanda in ya wuce ba dalili sai a tambayi alƙalin, ba wanda ake tsare da shi ba. A manna a ƙofar kowace kotu adadin mutanen da ke kaso ba hukunci da watannin da kowanne ya yi. Wanda aka tsare aka wanke, a biya shi daminarsa. Alƙalin da ya ga alamar bauta a takardar da ke gabansa ya kau da kai, a kira shi ya yi bayani.

Dokar 2003 ta shekara goma sha ɗaya kafin a ɗaure mutum na farko a kan wahaya. A Kwanni aka yi, a watan Mayu na 2014. Dokar ta ce mafi ƙaranci shekara 10. Shekara huɗu aka ba shi.