Ba Kowane Jan Ido Ne Afolo Ba

Jama'a, idon dillali shi ne jarinsa, domin da shi yake kallon sa a kasuwar shanu ya faɗi kuɗinsa kafin kowa ya taɓa shi. Amma abin mamaki, da idon nan ya yi ja sai mu ce ai afolo ne, mu nufi masu tallar magani a bakin titin Adjamé.

To, afolo da ya ɓulla a Gana a 1969 mako ɗaya ko biyu yake yi ya tafi. Idan ido ya yi wata yana ja, yana gudun rana, mutum yana ganin hazo ko ɗige-ɗige baƙaƙe suna yawo, wannan kumburi ne can ciki, kuma tarin fuka na cikin abubuwan da ke jawo shi, ko da mutum ba ya tari. Shanu ma suna da irin nasu, yana kama mutum ta madarar da ba a tafasa ba.

Gano shi ke da wuya. Ba kasafai ake ganin ƙwayar cutar a ido ba, don haka likita shaidu yake tarawa kamar alƙali. Zai haska cikin idon, ya sa a ɗauki hoton ƙirji, a gwada jini saboda tunjere da ƙanjamau, a yi allura a fatar hannu wadda ake dubawa bayan awa 48 zuwa 72. A nan muke faɗuwa! Mutum ya ce yana jiran motar shanu daga Mali, ya ƙi komawa, ya ɓata gwajin. Ga kuma ɗigon ido mai kotizon na bakin titi, yana kwantar da jan, cutar tana ci a ɓoye, har ya kan jawo hawan jinin ido.

Babban asibitin Treichville yana da sashen ido, kuma akwai cibiyar tarin fuka a Treichville da Adjamé. Ka gaya wa likita aikinka shanu ne, kana shan ɗanyar madara, ko bai tambaya ba. Maganin ba ya gaza wata 6.

A ganina ya kamata shugabannin ƙungiya su ware yaro mai jin Faransanci ya riƙa raka dattawanmu, musamman ranar komawa duba allurar.